Teku a Aji Biyar

Laraba, darasin ƙarshe, a makarantarmu ta Ƙofar Sauri.
Wuta ta ɗauke tun hantsi, fanka ta yi tsit,
kwanon rufi na ƙas-ƙas kamar ana suyar gyaɗa a kai.
Ɗalibai saba'in da uku, littafi goma sha ɗaya.
Na ce a matso a haɗa kai,
kowane shafi ya ɗauki ido goma sha wani abu.

Baitocin wani Bature ne, ya daɗe da zama ƙasa.
Ya buɗe da ƙorafin ruwan sama,
wai kwana tara bai ga rana ba, ransa ya jagule.
Nafi'u ya tuntsire daga bencin baya:
"Malam, a turo mana kwana taran nan Batagarawa,
geronmu ya sunkuyar da kai tun makon jiya.
Mu auna masa rana tiya-tiya, ko sisi ba ma so."
Aji ya kece. Na bar su suka gama.
Wanda ya yi wa waƙa dariya, ai ya ji ta.

Muka ci tuntuɓe da wata tsohuwar kalma.
Aka ɗauko ƙamus, ashe gara ta riga mu zuwa shafin.

A baiti na uku ga wata mata a bakin teku,
tana jiran jirgin da ya tafi da mijinta.
Na ce, wa ya taɓa ganin teku?
Hannu ɗaya, na Bishir, shi ma a wayar yayansa.
Lawiza ta ce, "Kamar dam ɗin Ajiwa?"
Na ce ki ninka shi dubu, ki goge gaɓar can.
Ni ma ban taɓa gani ba,
amma alli na hannuna, sai na yi gum.

Na juya allo na jera abin da jarrabawa ke so:
jigo, salo, kamance, mutuntarwa.
Na ce layi na huɗu ya katse a tsakiya,
ku rubuta "dabarar jan hankali", maki biyu ne.

Sai murya daga jikin taga.
Zinatu, wadda tun zangon farko
ban ji ta ce komai ba sai "Ina nan" in ana kiran suna.
"Malam, matar nan ba kallo take ba.
Kunne ta kasa."

Na ce ci gaba.

"Babanmu tirelar albasa yake ja zuwa kudu.
Bana shekara huɗu.
Kowace mota da irin hon ɗinta, Inna ta san nasa.
In babbar mota ta yi kuka a titi da magariba,
muciya takan tsaya mata a cikin tukunya,
ko magana take, nan za ta bar ta,
sai ƙarar ta wuce ta ɗora daga wani wuri.
Shi ya sa layin bai kai ƙarshe ba.
Wani abu ta ji."

Shekara goma sha ɗaya ina koyar da baitin nan
daga takardar da na kwafo a kwaleji.
Na sake duban gurbin da ke tsakiyar layin,
fari fat, faɗinsa bai kai farce ba,
na ga muciya tsaye a ciki.

Aka buga ƙarfen tayar da ke rataye a darbejiya.
Ba wanda ya yi rige-rigen ƙofa yau.
Nafi'u, mai sayar da rana,
ya ari littafi yana kwafe baitin a bayan na lissafi,
harshe a waje, yana barin gurbin daidai inda yake.

Da yamma na hau babur, na biyo ta Ƙofar Ƙaura.
Wata tirela ta danna hon a bayana, dogo, mai amo biyu.
Hanya a buɗe take, ba abin da ya tare ni,
amma na sami ƙafata a kan birki.

Bayan isha'i na buɗe tsohuwar takardata.
Ban soke "dabarar jan hankali" ba, yara na bukatar makinsu.
A gefe dai, da jan biro, ƙanana,
na rubuta: a tambayi Zinatu.