Bango Ɗaya

A Tibilisi, hawa na uku, layin da ke gangarawa kogi,
ɗakina ya jingina da na Eteri.
Bangon da ya raba mu bai fi ɓawon albasa kauri ba.
Shekarunta saba'in da huɗu. Fiyanonta ya girme ta.

Ƙarfe tara take farawa.
Ni tun bakwai ina gaban tafireta,
ina gyara zaman kofi,
ina ƙirga tattabarun barandar Guram mai gyaran agogo,
ko harafi bai sauko ba.
Sai in ji ta ja kujera.
Sai murfi ya yi ƙara.
Sai yatsu.

Ban san sunan abin da take kaɗawa ba, ban kuma tambaya ba.
Ba shi da baiti, shi ya sa muke shiri.
Waƙa mai magana takan shigo mini tsakiyar jimla
ta ƙwace zancen daga bakina.
Wannan kuwa rakiya ce kawai,
mutum biyu a hanya ɗaya, ba mai ce wa wani kanzil.

Akwai inda take tuntuɓe.
Kullum nan ne: hannun hagu ya yi gardama,
ta tsaya, ta ja tsaki, ta koma baya kaɗan.
Ni ma nan nake soke layi in sake ɗauko shi.
Babi goma sha ɗaya na yi a haka,
labarin kakana direban jirgin ƙasa
da ya ƙare rayuwarsa tsakanin nan da Batumi,
aljihunsa cike da goron gyaɗa da tikitin mutane.

Ranar da ƙanƙara ta kwanta a matakala
ta sauka sayen gurasa mai zafi,
ba ta dawo da ƙafarta ba.
Wuyan hannu ya karye. Na hagun.
'Yarta Nestan ta zo da mota ta tafi da ita Kutaisi.

Shiru ya tare a gidan, da kayansa.
Na fara jin famfo yana ɗiga,
na ji firiji, na ji cikina.
Ɗan ƙanwata Otar ya cika mini waya da kiɗa,
ya cusa mini abin ji a kunne,
ya ce ga gwanayen duniya nan, zaɓi.
Na saurara. Gwanaye ne, ban musa ba.
Amma ba mai tuntuɓe a cikinsu,
ba mai tari, ba mai tsaki,
sun wuce fuu kamar jirgin da ba ya tsayawa a ƙananan tashoshi,
ni ina bakin dandamali da jakata.

Mako bakwai kakana yana tsaye a babi na sha biyu,
hannunsa kan birki, gashin bakinsa na tara raɓa.

Sai wata Talata, itatuwa sun fara toho,
na ji an ja kujera.
Hannun dama ne kaɗai, yana ɗingishi,
inda na hagu ya saba amsawa, rami ne.
Na zauna na riƙe numfashi, kada in tsorata shi.

Ta yi minti biyar ta tsaya.
Sai ƙwanƙwasa a bango, sau uku, da sanda.
"Maƙwabci! Ka mutu ne?
Ina injin nan naka mai surutu?
Shekara biyu da shi nake ƙirga kiɗana,
yau ka bar ni ina lalube."

Ban ba ta amsa ba.
Na zura takarda, na murɗa,
na buga abin da ya fara zuwa, ko ma'ana babu.
Ta shigo a layi na biyu.

Wajen azahar kakana ya saki birki.
Kofin ya huce, ban sha ba.