Sawun Kaji Ƙarƙashin Murfin Inji

Shekara ashirin ina buɗe cikin motoci a Zango,
'yan Kwatano, masu shan teku kafin su sha rairayi.
Ƙarƙashin kowane murfi da 'yar takarda manne,
rubutu kamar sawun kaji a kan dusa.
Ban taɓa tambaya ba. Hannu ya san aikinsa.

Sai Barira, autata, ta kawo mini tuwo wata Laraba,
ta haska da waya, ta ce, "Baba, kanji sunansa.
Kowane baƙi gida ne, da ɗakuna a cikinsa.
Ba a haddace shi irin ta lakwal.
Tatsuniya ake ɗaura masa, ita ke jawo shi."

To, muka fara, a ƙasa, da tsohon buji.

Ɗigo uku a hagu, ta ce, ruwa ne ko danginsa.
Na ce wanda ya zana wannan
ya taɓa kwana layin famfo a Garin Malam,
ya san abin da bututu ke bayarwa watan bazara:
ɗaya, biyu, uku, sai huci.
Kusa da ɗigon ga akwati, sanda ta leƙo ta kansa.
Wannan ai nawa ne! Galan ne da sandar awo.
Mai ke nan. Ya shiga kai bai ko yi sallama ba.

Mutum ƙafa biyu ne kawai, ba ciki, ba hula.
Jingina shi da itace, ya zama hutu.
Tanimun mai faci ke nan a gindin bedi,
tun hantsi, taya na jiransa.

Mota kuwa kurar ɗan garuwa ce
in ka hau duwatsun Birni ka hango ta daga sama:
gatari ɗaya, jarkoki huɗu a tsakiya.

Ƙofa biyu suka wahalshe ni mako guda.
Ƙofa da baki a ciki: tambaya.
Ƙofa da kunne a ciki: ji.
Na sa Ilu mai shayi a duka biyun,
tun da ba abin da ya fi iyawa,
sai ya riƙa shiga wannan yana fita waccan.
Wata rana tatsuniyar ta zo cif, da rigarta,
ma'anar ta tsaya a hanya.
Barira ta ce, "Ka cika gishiri, Baba."
Yaran garaji suna ƙyafta ido:
maigida ya tsufa, yana duba a ƙasa.

Ranar Asabar aka turo wata fara, mai hayaƙi.
Na ɗaga murfi. Ɗigo uku, galan da sanda.
Ga baƙin wata, ga baƙin rana, lambobi a gabansu,
an rubuta da biro, hannun ya ɗan karkace,
har da tambarin yatsa, baƙi, a gefe.
Juye ne. Wani ya yi wa motar nan juye,
watan tara, ran sha huɗu, can inda ban sani ba,
ya goge hannu a wando kamar yadda nake yi.
Na daɗe tsaye.
Mai motar ya ce, "Lafiya? Da tsada ne?"
Na ce, "A'a. Gaisuwa na tarar."

Barira ta tafi Yamai karatu bayan salla.
Na ƙarshe da ta zana mini a bangon garaji, da gawayi,
zuciya ce a ƙasa, ɗigo uku da ƙugiya,
rashi zaune a kanta kamar gammo da kaya.
Ta ce, "Wannan shi ne mantuwa."
Ban ɗaura masa tatsuniya ba.
Na dai hana yara jingina taya a wurin.