Mai Wankin Rigunan Skelbeck

Ni ba na zama cikin 'yan kallo.
Ɗakina na ƙarƙashin benen, inda bututun ruwa ke tari,
injin wanki biyu, ɗaya gurgu,
da rediyon da sai an mare shi yake magana.
Daga nan nake karanta kakar zari-ruga,
a jikin riga.

Fabrairu ta zo da taɓo baƙi mai warin kwal,
ko da yake an rufe ramin kwal tun ina amarya.
Riguna goma sha uku, da huɗu na benci,
kowace ta dawo mini da nauyin jariri.
Muka ci uku a jere.
Mai gidan giya ya yafe bashi, ya yi nadama da safe.

A watan ne Lopeti ya iso daga Tonga,
jaka ɗaya, wuya kamar turmi,
yana kallon dusar ƙanƙara kamar za ta yi masa magana.
Aka ba shi lamba takwas.
Yakan ninke rigarsa kafin ya miƙo,
da jininta, da lakarta,
ya ce, "Na gode, Mama Glenys."
Shekara talatin da ɗaya ina wannan aiki,
jefo mini ake yi.

In ba ka san wasan ba, ga shi:
ƙwallo ce kamar ƙwai, ba ta da alkawari,
in ta faɗi ba ta san inda za ta nufa ba.
Baya ake jefa ta don a ci gaba.
In an kayar da ku sau shida, ta zama ta wasu.
Mijina, da yana raye, ya ce ai tarihin garin nan ke nan.

Afrilu ta ɗauki kafaɗar Dermot.
Mayu ta ɗauki gwiwar Ashworth, na ji ƙararta ta cikin siminti.
Lamba bakwai ta canza wuya sau huɗu,
har na rage mata hannu
don yaron da ke sayar da taya ranar Litinin.

Daga Yuni sai rigunan suka canza hali:
gaba fes, baya duk ciyawa.
Ba sai an faɗa mini sakamako ba.
Wanda ake kwantarwa rigingine, bayansa ke ba da labari.
Bakwai a jere.
Albashi ya makara, aka ce laifin banki ne.
Koci Arkwright ya sauko wata Talata
ya ɗauki kofin shayinsa daga kan tagata,
ya tsaya yana kallon injin na juyawa,
bai ce komai ba, ban ce komai ba.

Satumba. Wasan ƙarshe, ruwa kamar da bakin ƙwarya.
A ci a zauna, a faɗi a gangara.
Sha takwas da sha takwas, saura minti biyu,
rediyo ya zaɓi lokacin ya mutu.
Na tsaya riƙe da safa ɗaya.
Shiru.
Sai rufin ya girgiza, ƙura ta zubo cikin shayina.
Yaron taya ne, wai, ya daki ƙwallo ta ratsa sanduna.
Maki ɗaya.
Da ƙyar na sha ya fi da ƙyar aka kama ni.

Lopeti ne ƙarshen saukowa.
Wata babbar ƙungiya ta saye shi, kowa ya sani.
Ya ninke lamba takwas, ya ɗora a hannuna,
leɓensa a fashe, bai iya faɗin sunana daidai ba.

Na so in bar ta haka, da ƙasarta.
Amma rigar kulob ce, kuma Fabrairu na tafe
da wani wuyan.
Na jiƙa ta, na cuɗa, na sake cuɗawa.
Koren da ke kafaɗar hagu ya ƙi fita.
Ban matsa masa ba.