Taku Talatin da Biyu

Shekara sha tara ina ɗaga mutane
a asibitinmu na Kafin Hausa,
da hannu biyu da ƙugu ɗaya.
Hannun na nan garau.
Ƙugun ne ya fara kai ƙarata.

Ran Laraba aka kira ni ofis,
aka shimfiɗa mini takarda mai sheƙi:
"Hansatu, kuɗi sun fito, zaɓi."
Ga wani inji, wuya kamar na zalɓe,
wai da latsa maɓalli yake cira majinyaci daga gado.
Na tambayi ɗan kwangila me yake ci.
Ya ce wuta.
Na ɗaga kai na dubi ƙwan da ke samanmu,
kwana tara rabonsa da ƙifta ido.

Na ce ku biyo ni ɗakin maza.

Ga Baba Nomau, manomin riɗi daga Bulangu,
ɓarin jikinsa na hagu ya yi masa yaji.
Jiya 'ya'yansa suka cafke shi ta hammata
kamar masu tugar rogo.
Bai yi ƙara ba.
Bango kawai ya juya wa fuska,
ya ƙi kunun dare.

Daga gadonsa zuwa bayan gida taku talatin da biyu ne,
sha ɗaya siminti, sauran rairayi.
Na ƙirga su da baya na, ba da ƙafa ba.
Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ku ba ni keke mai faffaɗar taya,
ta roba zalla, wadda ƙaya za ta ciza ta haƙura,
birkinsa ya kama kamar hannun ungozoma,
hannunsa ya zare, mutum ya sulale ba a ɗaga shi ba.
Ku ba ni ɗamara mai mariƙi a baya,
da zane mai santsi na jan mai nauyi
ba tare da fatar gadon bayansa ta biyo katifa ba.
Gado kuma mai wani da hannu,
wanda in ya ƙi, Iro mai walda
zai lallashe shi kafin la'asar.

Ɗan kwangila ya ce waɗannan kayan tsohon yayi ne.
Na ce mu ma haka.

Mako uku kayan suka iso a bayan akori-kura.
Na ɗaura wa Baba ɗamarar,
na riƙe ta da yatsu huɗu,
ya dafa ƙarfe mai ƙafa huɗu ya miƙe.
Ɗaya.
Ya huta.
Biyu, da ja.
A na bakwai ya tsaya yana haki,
na ɗauka zai ce a kawo keke.

Ya karkato baki ya ce,
"'Yar nan, nawa ake sayar da tiyar riɗi yanzu?"