Kwalba Biyu a Bakin Taga

A Valparaíso, inda gidaje ke hawan juna
kamar awaki a jikin dutse,
nakan tashi kafin jiragen ruwa su yi kuka
in shafa bargon Chispa. A jiƙe.

Cikin barci abin ke zuwar mata.
In ta farka ta sunsuna wurin,
sai ta shige ƙarƙashin tebur, kai a ƙasa,
karyar da shekara goma sha uku
ba ta taɓa ɓata mini ɗaki ba.

Likita Maturana ta ce ba iskanci ba ne,
bakin mafitsara ne ya saki, kamar tsohon famfo.
Ta nuna mini iyakar layi a jikin sirinji:
in ta ƙi abinci, ko ta kasa kwanciya, ka dawo da ita.

Cikin romon kifi nake ɗigawa.
Ta gane. Ta harare ni, ta lashe.

Kwana tara bargo a bushe.
Eulalia ta leƙo ta kan igiyar shanya:
"Don Froilán, yau babu wanki?"
Na ce babu.

Ban gaya mata ba
kwalba biyu ce a bakin tagar kicin,
ɗaya da hoton kare, ɗaya da sunana,
kuma wankin asubar nan da take gani
ba duka na Chispa ba ne.

Da dare mukan sauka matakala sittin da huɗu.
Tana tsayawa gindin kowace fitila,
ba na jan igiyarta.
A hawa kuwa,
ita ke tsayawa ta jira ni.