Awon Ɗumi a Gidan Aune

A Oulu, rana ta leƙo da azahar, ta koma.
Veikko ya shigo, ƙanƙara a gashin baki.
Ya auna bango, ya ƙirga tagogi bakwai,
ya kara bayan hannu a bakin ƙofa:
"Ta nan ɗumi ke zurarewa,
kamar ruwa a kwando."

Faɗi sau tsawo, a raba da kaurin katako,
sau tazarar sanyin waje da ɗumin ɗaki.
"Sabuwar tukunya, kilowat tara ya isa."

Aune ta dubi kujerar da ba mai zama tun bara.
"Mutum ɗaya, nawa yake bayarwa?"
"Wat ɗari, in yana zaune."
"To, ƙara ɗari."

Ya lashi bakin fensir,
ya ƙara.