Rabin Taswira

Shekara biyu ke nan da wuta ta ɗauke ba ta dawo ba.
Arvid ya shimfiɗa taswira a kan teburina,
ya danne gefe ɗaya da kwalbar wake,
ɗaya gefen da gwiwar hannu,
ya ce, Helmi, kudu.

Ya ce a can mutum yakan kwana ba safa.
Ƙasa ba ta daskarewa, ka shuka sau biyu, ka girbe sau biyu,
ba mai tashi tsakar dare yana ciyar da murhu
kamar mai jego da jinjiri.

Ƙanena ne, amma furfura ta riga kama shi.
Sanyin bara ya cinye masa yatsu biyu na hagu,
don haka ban ce masa ƙarya yake ba.

Shekara goma sha tara muna tanadi, ni da Toivo,
maƙwabta na yi mana dariya a ƙofar coci:
gishiri buhu takwas, ashana, allura, man fitila,
dankali a ramin ƙarƙashin ɗaki,
tumatir a kwalabe, kowace da shekararta a murfi
da rubutun mutumin da yanzu ke kwance bayan shinge.
Wanne zan ɗora a amalanke guda?
Rijiya ba ta hawa amalanke.
Kabari ma haka.

Na ce, Arvid, duk mai ƙafa kudu ya nufa.
Inda rana ke da arha, mutum zai yi yawa,
kuma kowa da yunwarsa, wasu da bindiga.
Sanyin nan mugu ne, na sani,
amma mai gadi ne da ba ya karɓar albashi.
Barewar da ka harbe a Nuwamba
tana rataye har Maris, ƙuda bai san da ita ba.
A can nama zai yi wari kafin ka gama fiɗa,
sauro zai kawo zazzaɓin da ba mu tanadi maganinsa ba.
Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Bai yi musu ba.
Ya dai juya kai wajen labule,
inda jikarsa Ilona ke tari tun watan Oktoba,
tari busasshe, kamar ana kankare tukunya.

Ni ma ina da lissafin da ban faɗa ba.
Kafaɗata ta daina son gatari.
Kowace shekara daji na ƙara ja da baya,
tulin itace na ƙarewa kafin dusar ƙanƙara ta gaji.
Wasu darare nakan ji Tafkin Superior na gurnani ƙarƙashin ƙanƙararsa
in tambayi kaina: tanadi na yi, ko rami na haƙa?

A watan Mayu ƙanƙara ta fashe.
Na auna musu gishiri buhu biyu,
na ɗaure irin kabewa a tsohuwar safar Toivo,
ban sani ba ko zai yarda da baƙuwar ƙasa.
Arvid ya yage taswirar gida biyu,
ya cusa kudu a aljihu, ya bar mini arewa.
Ilona ta ɗaga hannu sau ɗaya, tari ya mayar da shi.

Suna sauka gangaren, garken dinya na wucewa a sama,
wuya a miƙe, suna ta kururuwa,
su kuwa arewa suka nufa.
Na tsaya ina kallon ayari biyu na saɓani
har wuyana ya gaji.

Yau dusa ta farko ta sauka, Oktoba ya zagayo.
Takardar hura wuta ta ƙare a gidan nan
sai wannan rabin, mai tafkinmu a jiki.
Na ɗauka, na juya, na mayar ƙarƙashin kwalbar wake.
Ɓawon itace ma yana kamawa,
in mutum ya yi haƙuri.